Daga huhun saniya zuwa tarin yaro

Ka tambayi tsohon mahauci a mayankar Ƙofar Mazugal, zai siffanta maka huhun saniyar da ta yi ciwon huhu: ya ƙandare, ya manne da haƙarƙari. Makiyaya sun daɗe da sanin cutar, har wasu kan tsaga fatar hancin lafiyayyar saniya su cusa ɗan huhun mai ciwo don rigakafi. To, daga wannan ciwo na shanu aka fara gano dangin ƙwayoyin cutar da ake kira maikofilasma. Masana biyu a Faransa, Nocard da Roux, su suka fara rainon ƙwayar a 1898.

Ta shanu ba ta kama mutum, amma tana da 'yar'uwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, likitoci a Amurka sun yi ta ganin sojoji da wata irin nimoniya wadda ba ta jin maganin da aka saba bayarwa. A 1944 Monroe Eaton ya ware abin da ke haddasa ta, sai dai saboda ƙanƙantarsa aka ɗauka bairos ne. Kusan shekara 20 ana kan wannan kuskure, sai a 1962 Leonard Hayflick da Robert Chanock suka raine shi a ɗakin bincike, aka ga ashe dangin ta shanu ce.

Ga inda tarihin ya shafi uwa a Yakasai ko Mandawari. Fenisilin da ƙaninsa amoksisilin bangon jikin bakteriya suke rushewa, ita kuwa wannan ba ta da bango ko kaɗan. Shi ya sa za ka ga ɗan firamare da busasshen tari sati biyu ko uku, da ɗan zazzaɓi da kasala, yana zuwa makaranta abinsa, an sayo amoksisilin a kemis ya shanye, tari na nan daram. Sai a ce sanyi ne, ko a ce maganin jabu ne.

Ba laifin amoksisilin ba ne, har gobe shi ne na farko ga nimoniyar ƙananan yara. Maikofilasma kuma sau da yawa takan warke da kanta. In ta ƙi, likita kan rubuta azitromaisin ko eritromaisin, kodayake su ma yawan sha barkatai ya sa ƙwayar ta fara bijire musu, kamar yadda aka gani a Sin a ƙarshen 2023. Amma in numfashin yaro ya yi sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, kada a tsaya canje-canjen magani, a wuce da shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Murtala a ranar.