Daga "Je Ka Kwanta" Zuwa "Tashi Ka Taka": Yadda Motsa Jiki Ya Shiga Takardar Likita

A Kiru ko Tudun Wada, da zarar an ce dattijo yana da hawan jini, sai 'ya'yansa su karɓe fartanya. "Baba, ka huta haka nan." Daga nan sai tabarma, sai inuwar ƙofar gida. Ƙauna ce, amma su kansu likitoci sun taɓa bin wannan hanya, suka dawo daga rakiyarta.

Har zuwa shekarun 1940, wanda ya samu bugun zuciya a Turai da Amurka akan kwantar da shi kusan mako shida, ko abinci a baki ake ba shi. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka wallafa abin da suka gani da suka riƙa zaunar da irin waɗannan majinyata a kujera: ba su cutu ba, sauƙi ma suka samu.

Shekara guda bayan haka, a 1953, Jerry Morris ya fitar da bincikensa kan ma'aikatan bas masu bene na Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa sai hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin. A 1966 kuma, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya tsawon mako uku. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar nan ta fi rage musu ƙarfin zuciya da numfashi fiye da tsufan shekara talatin ɗin.

To me ke faruwa a jiki? Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, tana kuma ƙara jin insulin. Jijiyoyin jini suna sakewa, matsin jini ya ɗan sauka. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari a masu haɗarin kamuwa, yayin da maganin metformin ya rage kashi 31.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka mayar da abin tsari. A 1998 New Zealand ta fara Green Prescription, inda likita ke rubuta wa majinyaci irin motsin da zai yi, wani ma'aikaci ya riƙa bibiyarsa ta waya. A wajenmu, aikin ya fi rataya a wuyan likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani da masu gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai mutumin Doguwa ba zai riƙa zarya zuwa birni kowane mako ba.

Wani zai ce ai manomi ba ya buƙatar wannan. Da damina, gaskiya ne. Amma bayan an kai masara gida fa? In ba mai noman rani a gefen madatsar Tiga ta Bebeji ba, da yawa zama ne har saukar ruwa. Babur ya maye gurbin keke da ƙafa, injin niƙa ya rage daka, matan da ke cikin gida kuma ba su da filin takawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako, har da masu hawan jini da ciwon suga. Tafiya da ɗan sauri ta rabin awa, kwana biyar, ta cika mafi ƙarancin adadin. Idan ka raka Baba asibiti, ka tambayi likita: wane aiki zai iya, na minti nawa, yaushe zai dakata? Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi alamu ne na a tsaya a koma asibiti. Mai ciwon suga ya sa takalmi, ya riƙa duba ƙafarsa. Kuma kada a ajiye magani don an fara tattaki. Tare suke aiki.