Garka da Lambu a Tarihin Birnin Kano

A Kano da kewayenta, noman abinci kusa da gida ya kasu kashi biyu tun zamanin da. Akwai garka, wato ɗan filin da ake kewayewa da danga a jikin gida ko nesa da shi kaɗan, a zuba kayan miya da damina. Akwai kuma lambu, wanda ake yi da rani a bakin rafi ko rijiya ko kududdufi, ana ba shi ruwa da hannu. Gero da dawa daga gona suke zuwa, amma abin da ake cin tuwon da shi, daga garka da lambu yake fitowa. Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, saboda haka dole ce ta sa mutane suka koyi busar da ganye da kuma noman rani, don kada tukunyar miya ta tsaya.

Tsarin birnin kansa ya nuna matsayin wannan noma. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, sannan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, wasu sarakunan bayansa suka ƙara. Masu ginin ba su tsaya a iyakar gidaje ba. Sun zagaye Dala da Goron Dutse, da rafin Jakara, da filaye masu faɗi ta yamma da arewa. Dalilin a fili yake: idan abokan gaba irin su Kwararrafa suka kewaye gari aka rufe ƙofofi, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, to sai an sami inda za a yi shuka da kiwo a ciki. Ganuwar da ba ta da gona da ruwa a cikinta ba ta kare gari daga yunwa.

Baƙin da suka ga birnin a ƙarni na 19 sun tabbatar da haka. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya iso Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura kuwa gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya hau Dala ya hango itatuwan gwanda da dabino sun yi sama da katangun gidaje. Shi ne kuma ya ambaci kuɗin rafi, harajin da ake karɓa a kan irin su dankali da gwaza da rizga da rogo da ake kai wa kasuwa. Wannan haraji shaida ce babba, domin hukuma ba ta ɗora haraji a kan abin da ba shi da auki. A lokacin, noman rafi ya riga ya zama sana'ar da ke ciyar da Kasuwar Kurmi.

Abin da ake shukawa ma yana da nasa tarihin. Kuɓewa da yakuwa da rama da gauta da karkashi da lalo da duma tsofaffin 'yan gida ne, tun fil azal ake noma su a Afirka. Albasa da alkama da lemon tsami sun fi alaƙa da fataucin Sahara da zuwan Larabawa. Barkono da tumatir da rogo da dankali da masara da gwanda da taba kuwa asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan da jiragen ruwan Turawa suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin biyu a ƙarni na 16. Zogale daga Indiya yake. Wanda ya ɗauka miyar Bahaushe ba ta taɓa canzawa ba zai sha mamaki idan ya ji cewa a zamanin Rumfa babu attaruhu a Kano, masoro da kimba da citta ne ke ba miya yaji. Garka ce wurin gwaji: a nan ake fara jarraba baƙon iri, layi ɗaya ko biyu, idan ya karɓi ƙasa kuma baki ya karɓe shi, sai ya fita gona.

Shukar cikin gida galibi a hannun mata take, musamman a birni inda auren kulle ya yi ƙarfi. Matar da ba ta fita gona tana da lungun tsakar gida da bayan ɗakinta. A bakin rariyar da ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi, nan take dasa zogale ko gwanda, domin wurin ba ya rabuwa da laima. Kabewa da soso da duma ana sakin su su hau danga ko rufin ɗaki. Da saukar ruwan farko za ta tona 'yan ramuka ta zuba kuɓewa da yakuwa, ta kare su da ƙaya ko tsohon kwando saboda kaji da awaki, ta riƙa barbaɗa toka a ganyen don korar ƙwari. Idan kaka ta yi, a yanka kuɓewa a shanya a kan tabarma, a busar da rama da zogale, a ajiye furen yakuwa don zoɓo, 'ya'yanta kuma a yi daddawar batso. Irin baɗi ana ɗaure shi a tsumma ko a zuba a gora a rataye kusa da hayaƙin murhu. Lalle ma yana cikin shukar mata, ga kwalliya ga ɗan ciniki. Abin da ya yi rara nata ne, yara su kai talla, kuɗin ya shiga adashi ko kayan ɗakin 'ya. Littattafan tarihi ba su cika kula da wannan noma ba saboda ba ya shiga lissafin haraji, alhali shi ne ya riƙe miyar gidaje da yawa.

Sirrin ƙasar Kano taki ne. Michael Mortimore, masanin da ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin a shekarun 1960, ya nuna cewa manoma suna noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar shi ya huta ba, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Abin da ya riƙe ta shi ne kashin awaki da tumaki daga turke, da toka, da sharar gida. A lokacin, da rani jakuna kan shigo birni ɗauke da itacen girki, su koma da mangala cike da takin juji. Manomi kan jibge shi tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka, kuma filin da ya fi kusa da gida shi ke samun kaso mafi tsoka. Ta haka sharar birni ke komawa abinci, ta dawo birnin a kan jaki. Wata mai bincike, Polly Hill, ta tarar da irin wannan zama a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, gidaje a warwatse, kowanne a tsakiyar gonakinsa.

Lambun rani kuwa aikin maza ne, kuma a da kayan aikinsa jigo ne. Ana kafa gwafanni biyu a bakin ruwa, a gitta sanda a kansu, a ɗaura doguwar gora ko itace a tsakiya yadda za ta riƙa lilo. A gindinta a manna curin laka mai nauyi, a bakinta a ɗaura igiya da guga. Mai lambu ya janyo igiyar ƙasa har guga ta cika, ya sake ta, nauyin lakar ya ɗago ruwan, ya juye a magudana. Wani, sau da yawa ɗansa, yana can cikin lambun da fartanya yana buɗe bakin fangali ɗaya, idan ya sha ya toshe da ƙasa ya buɗe na gaba. Ana fara aikin tun da asuba cikin sanyin hunturu, kuma ƙarfin mutum ɗaya ba ya shayar da fili mai yawa, shi ya sa lambunan ba su da girma amma ba a barin ko taku ɗaya a banza. Albasa da alkama da taba da barkono su ne manyan amfaninsa. Bakin Jakara, daga wajen Ƙofar Ruwa zuwa Kwakwaci har can gabas, ya daɗe da suna a wannan sana'a.

Zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911 sun kawo sababbin masu saye. Turawan Nasarawa da Bompai, da Kwarori, da mazauna Sabon Gari suna neman latas da kabeji da karas da koren wake da kokwamba. Masu aikin lambu a gidajen Turawa suka koyi renon waɗannan iri, suka fita da su bakin rafi. Da farko abincin baƙi ne, daga baya suka shiga kwanon kowa, har ya zama ba a raba shinkafa da wake da ɗan salak a kai.

Babban sauyi ya zo a shekarun 1970. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, ruwanta ya buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Daga shekarun 1980 kuma ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya bazu a fadamu, jigo ya fara ɓacewa. Tumatir da albasa suka riƙa zuwa kasuwar 'Yankaba mota-mota, da araha a lokacin kakarsu, har iyalai da dama suka ga saye ya fi shuka sauƙi. A tsakanin nan gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN, a 1976, tana kira ga ma'aikata da makarantu da barikoki su noma duk filin da ke kusa da su. Gwamnatin Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. An raba iri da takin zamani, an yi ta yekuwa a rediyo, amma kuɗin man fetur da shinkafar waje sun fi yekuwar ƙarfi.

Abin da ya fi cin garka da lambu a Kano shi ne gini. Birnin da Barth ya ƙiyasta mutanensa da dubu 30 ya kai kusan miliyan 3 a ƙidayar 2006. Filayen cikin ganuwa da Clapperton ya gani sun zama unguwanni, Ɗorayi ta cika maƙil, an cike kududdufai da shara an yanka su filoti. Gidan gado da ake rabawa tsakanin magada kullum ƙara tsukewa yake, tsakar gida kuma an shafe ta da siminti. Masu lambun bakin rafi da yawa aro ko haya suke yi, ba su da takardar fili, ranar da mai wuri ya tashi gini sai su tattara. Ruwan ma ya lalace: Jakara ta zama magudanar ƙazantar gari, rafin Getsi yana ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, kuma binciken masana ya sha nuna sinadarai masu illa a ganyen da aka shayar da shi. Takin juji ya cika da leda. Ba lalaci ne ya raba Bakano da garkarsa ba. Fili da ruwa ne aka bar su ba mai tsaron su, kuma tsarin raya birni bai cika ɗaukar lambu a matsayin abin da ya cancanci a keɓe wa wuri ba.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, tana farfaɗowa duk lokacin da kasuwa ta yi zafi. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da maƙwabtanta, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A irin waɗannan lokuta ne noman buhu ya yaɗu: a cika buhun siminti ko tsohon bokiti da ƙasa da takin awaki, a jera a jikin katanga ko a kan bene, a shuka tumatir da attaruhu da alayyafo, a shayar da su da ruwan alwala da na wankin shinkafa. Buhu goma ba za su ciyar da gida da hatsi ba, amma suna rage kuɗin cefane, kuma mai su ya san ruwan da ganyensa ya sha. Da yawa daga cikin masu wannan noma a yau mata ne, kamar yadda yake tun zamanin danga.