Kishiyar da ta yi kome

Da yawa cikinmu muna kallon motar lantarki kamar baƙuwa, alhali tsohuwar kishiyar injin fetur ce da aka kora, yanzu ta yi kome. Motar farko da ta haura kilomita 100 a awa da batir ta yi gudun, a Faransa cikin 1899, ɗan Beljiyam Camille Jenatzy na tuƙi. A wajejen 1900, kusan sulusin motocin Amurka na lantarki ne, ba hayaƙi, ba ƙara.

Arahar mai ce ta fara cin ta, bayan rijiyoyin Texas sun ɓalle a 1901. Ford ya fito da Model T a 1908, talaka ya iya saye. A 1912 Cadillac ta sa sitata, aka huta da murɗa ƙarfe da hannu kafin mota ta tashi, aikin da kan karya hannun mutum. Batirin dalma kuwa ga nauyi, ga saurin ƙarewa.

Batirin litiyam da Sony ya fara sayarwa a 1991, irin na wayoyinmu, shi ya dawo da ita. A 2024 Habasha ta hana shigo da motocin fetur na gida.

Inda abin ya shafe mu shi ne gareji. Yaranmu na zango da ke koyon aiki a Suame Magazine ta Kumasi shekaru suke kwashewa kan fistan, fulogi da kafireta. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya, ba ta ma shan baƙin mai.