Tsiron dawa ɗaya, tukunya biyu

Wani mai bin shirinmu daga Matamma, tsallaken iyaka, ya aiko da tambaya: wai ya ji a 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya, mu a Sudan muna da tarihi irin wannan? To, akwai, sai dai ba mu cika son faɗa ba.

Ku dubi buhunan dawar da ake lodi daga nan Doka zuwa kasuwar Gadarif. Tun kafin tarakta ta shigo yankin nan a tsakiyar shekarun 1940, mata ke jiƙa dawa, su lulluɓe ta har ta tsira, su shanya, su niƙa. Da Larabci tsiron nan zirri'a ake ce masa. Da shi ake dafa marisa, 'yar'uwar burkutun ƙasar Hausa: kauri kamar kunu, ga tsami, kuma ba ta jure ajiya. A ƙauyuka da dama ita ce ladan 'yan gayya. Ta kwalba kuwa, mai hoton raƙumi, kamfanin Blue Nile ke yin ta a Khartum Bahri.

Sai ga Satumbar 1983. Numairi ya kafa dokokin shari'a, aka tuttular da giya a kogin Nilu, kamfani ya daina, mashayi bulala 40. Haramcin giya ba abin gardama ba ne a wurina. Amma wa ya fi ɗanɗana kuɗarsa? Macen da ba ta da jari sai tukunya. Mata 'yan gudun hijira daga kudu da duwatsun Nuba su suka riƙa cika kurkukun mata na Umdurman, shekara da shekaru, wasu da goyo a baya. Sai a Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba.

Yanzu ga tukunya ta biyu. Tsiron nan dai da shi iyayenmu mata ke yin hilu-mur in Sha'aban ya kama. A kwaɓa shi da garin dawa, a zuba citta, kirfa, hulba da tsamiya, a bar shi kwanaki ya yi tsami, sannan a toya shi fale-fale a kan farantin kisra. Sunan farantin? Doka! Garinmu Doka, faranti doka, abin da Numairi ya kafa ma da Hausa doka ne.

Wannan kam na sha, zan iya ba ku labari. In an jiƙa an tace, ja ne wur kamar shayi mai ƙarfi. Ƙamshin hayaƙi ke fara tarbarka, tsami ya biyo, zaƙi ya zauna a harshe, can a maƙogwaro ɗan ɗaci ya tsaya. Na innata ya fi na kasuwa ɗaci, don ita sai gefen ya kusa ƙonewa take ɗagawa.