Farashin tikiti da yawan 'yan kallo a wasannin ƙasa da ƙasa na zari-rugar Lig

Zari-rugar Lig reshe ne na wasan zari-ruga wanda 'yan wasa 13 ke bugawa a kowane ɓangare, saɓanin zari-rugar Yuniyan mai 'yan wasa 15. Wuraren da wasan ya yi saiwa ba su da yawa: arewacin Ingila, jihohin New South Wales da Queensland na Ostareliya, birnin Auckland da kewayensa a New Zealand, kudancin Faransa, ƙasar Papua New Guinea, sai tsibiran tekun Fasifik irin su Tonga da Samowa da Fiji. A mafi yawan waɗannan wurare wasan na talakawa ne da 'yan ƙwadago. Shi ya sa kuɗin tikiti ya zama abin da ake yawan taƙaddama a kansa duk lokacin da ƙasashe suka haɗu: masu shirya gasa suna dogara da kuɗin ƙofa don su mai da abin da suka kashe, su kuwa waɗanda suka fi ƙaunar wasan ba masu hannu da shuni ba ne.

Asali

Tun farko a kan kuɗi aka haifi wasan. Ranar 29 ga Agusta 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a wani otal a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasa, saboda ta hana a biya 'yan wasa diyyar ladan aikin da suke rasawa idan sun bar masaƙa ko mahaƙar kwal sun je wasa. Wannan diyya daga aljihun 'yan kallo take fitowa, don haka mai sayen tikiti ya zama ginshiƙin wasan tun ranar farko.

Haka abin yake da aka fara fita waje. A kakar 1907 zuwa 1908 wani ma'aikacin gidan waya mai suna Albert Baskerville ya jagoranci tawagar New Zealand zuwa Birtaniya. 'Yan wasan ne suka zuba jari da kuɗinsu, suka kuma raba ribar ƙofa bayan an gama. Tawagar Ostareliya da ta biyo baya a 1908 ba ta yi wannan sa'a ba. Ta iso arewacin Ingila a lokacin da rikicin ƙwadago ya tsai da masaƙun auduga na Lancashire, mutane ba su da na kashewa, ga hunturu mai tsanani. Wasanta na farko da masu masauki, wanda aka kai Landan inda ba a san wasan ba, mutum kimanin 2,000 ne suka kalle shi, ko da yake an tashi 22 da 22. Tafiyar ta ƙare da asara, wanda ya ɗauki nauyinta, James Giltinan, ya karye. Abubuwa ukun da suka kayar da ita, wato halin aljihun jama'a, da yanayi, da kai wasa garin da ba nasa ba, su ne har yau suke bibiyar masu shirya irin waɗannan wasanni.

Manyan taruka

Karawar Ostareliya da Birtaniya, wadda ake kira Ashes, ita ta riƙe martabar wasan shekaru da yawa. A 1932 mutum 70,204 suka shiga filin kurket na Sydney don wasan farko na jerin, adadin da aka yi shekara sittin ba a wuce shi ba a wasan ƙasa da ƙasa. Gasar cin kofin duniya ta soma a Faransa a 1954, inda Birtaniya ta doke mai masauki 16 da 12 a birnin Paris a gaban mutum 30,368. A 1992 wasan ƙarshe a filin Wembley ya tara 73,631, Ostareliya ta ci Birtaniya 10 da 6. Adadi mafi girma shi ne na 2013 a Old Trafford da ke Manchester: mutum 74,468 suka ga Ostareliya ta lallasa New Zealand 34 da 2, alhali Ingila mai masauki ba ta cikin wasan.

Sai dai idan aka ajiye waɗannan alƙaluma kusa da na wasannin cikin gida, za a ga inda gizo ke saƙar. A 1954 mutum 102,569 aka ƙidaya a filin Odsal na Bradford don maimaicin wasan ƙarshe tsakanin ƙungiyoyin Warrington da Halifax. Wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin Ostareliya a 1999 ya tara 107,999. Karawar shekara-shekara tsakanin jihohin Queensland da New South Wales, wadda aka fara a tsarinta na yanzu a 1980, ta tara 91,513 a Melbourne a 2015. A ƙwallon ƙafa wasan ƙasa shi ne ƙololuwa. A zari-rugar Lig, musamman a Ostareliya, ɗan kallo yakan fifita wasan jiharsa ko na ƙungiyarsa a kan na ƙasarsa. Wasannin ƙasashe kuma sukan zo ne a watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ya riga ya kashe kuɗinsa a kakar ƙungiyoyi da wasanninta na ƙarshe.

Gasa uku a Birtaniya

Ba a manyan wasanni ake gane tasirin farashi ba, domin wasan ƙarshe yakan samu jama'a ko da tsada. A wasannin rukuni ake gane shi, inda ƙananan ƙasashe ke haɗuwa a tsakiyar mako cikin sanyi. Gasar kofin duniya uku da Birtaniya ta shirya a wannan ƙarni sun nuna hakan ƙarara.

Ta 2000 ta ƙunshi tawaga 16 da wasa 31, an kuma baza ta a Ingila da Wales da Scotland da Ireland da Faransa, har da garuruwan da ba ruwansu da wasan. Ta gamu da ruwan sama da ambaliya, ga cikas ɗin jiragen ƙasa da ya biyo bayan haɗarin Hatfield a watan Oktoba. Jimillar 'yan kallo ta tsaya kusan 264,000, wasan ƙarshe ya tara 44,329 kacal a Old Trafford. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, hukumar wasan ta Ingila ta shiga bashi, ba a sake gasar ba sai 2008.

A 2013 aka sauya dabara. An sassauta farashi, an yi rangwame ga iyalai da yara da masu sayen tikitin wasa fiye da ɗaya, an kuma kai wasanni ƙananan filaye a garuruwa irin su Workington da Rochdale da Halifax, inda mutum dubu bakwai zuwa goma kan cika wuri maƙil. An haɗa wasanni biyu a rana ɗaya a fili ɗaya da tikiti ɗaya: buɗe gasa a Cardiff ya tara 45,052, wasannin kusa da na ƙarshe a Wembley suka haura 67,000. Jimilla ta kai 458,483 a wasa 28, wato sama da 16,000 a kowane wasa, aka kuma ci ribar da ta wuce fam miliyan 3. Wannan gasa ita ce hujjar duk mai cewa araha ta fi kawo riba a wannan wasa.

Ta uku an tsara ta don 2021, amma aka ɗage zuwa ƙarshen 2022 bayan Ostareliya da New Zealand sun janye saboda annobar korona. Buri ya yi girma. An haɗa gasar maza da ta mata da ta masu keken guragu a lokaci guda, wasa 61 gaba ɗaya, gwamnatin Birtaniya ta ba da tallafin fam miliyan 25 don shiryawa da gina wuraren wasa, aka sa ran sayar da tikiti 750,000. An yanka farashi tun 2020. Kafin a busa usur duniya ta sauya: hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100 a Oktoban 2022, kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabi, kuma garuruwan arewa da ke ɗaukar mafi yawan wasannin suna cikin waɗanda abin ya fi ƙuntata wa. BBC kuma tana nuna dukkan wasannin kyauta, don haka mai iyali yana da zaɓin zama gida.

Tsarin kujeru ya ƙara dagula lamarin. An kasa tikiti aji-aji, masu araha a bayan raga, masu tsada a gefen fili. Jama'a suka cika bayan raga suka bar gefe wayam, gefen kuwa shi kyamarar talabijin ke fuskanta, har fili mai matsakaicin taro ya riƙa bayyana kamar ba kowa. Magoya baya da 'yan jarida sun yi ta sukar farashin tun makon farko. Ingancin wasannin ma bai taimaka ba: Ostareliya ta ci Scotland 84 da nema a Coventry, Ingila ta ci Girka 94 da 4 a Sheffield, Tonga ta ci tsibiran Cook 92 da 10 a Middlesbrough. Ba kowa zai biya kuɗi mai kauri don wasan da ya san sakamakonsa tun daga gida ba. Duk da haka manyan ranaku sun yi armashi: 43,199 a Newcastle ranar buɗewa, 40,489 a filin Arsenal inda Samowa ta fitar da Ingila 27 da 26, sai 67,502 a wasan ƙarshe. Gasar maza ta tara 423,689 a wasa 31, ƙasa da ta 2013 duk da ƙarin wasa uku. Masu shiryawa sun kare kansu da cewa kuɗin da ya shiga ya fi na baya. Zancensu yana da ƙamshin gaskiya, domin tikiti kaɗan masu tsada suna iya fin masu yawa masu araha kawo kuɗi. Amma ga wasan da ke neman sababbin masoya, kujerar da ba kowa a kanta asara ce da ba ta shiga littafin lissafi, kuma a nan ne gasar 2022 ta gaza.

Inda farashi ba ya hanawa

Gasar 2017, wadda Ostareliya da New Zealand da Papua New Guinea suka haɗu suka shirya, ta nuna cewa farashi ba shi kaɗai ke magana ba. A Brisbane, cibiyar wasan, mutum kimanin 22,000 ne suka je wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Ostareliya da Fiji a filin da ke ɗaukar sama da 50,000. Wasan ƙarshe da Ingila ma, wanda aka tashi 6 da nema, 40,033 ya samu. Yawan nasarar Ostareliya ya rage wa mutanenta ɗokin zuwa.

A Port Moresby kuwa, inda wasan yake tamkar na ƙasa baki ɗaya kuma kuɗin shigar jama'a bai kai ko kusa da na Ostareliya ba, wasanni ukun da aka buga duk sun cika filin da ke ɗaukar 14,800, ba masaka tsinke. Sai kuma lamarin Tonga. Jason Taumalolo da wasu fitattun 'yan wasa sun bar damar buga wa New Zealand ko Ostareliya suka zaɓi ƙasar iyayensu. Tonga ta doke New Zealand 28 da 22 a Hamilton, 'yan asalin tsibirin mazauna Auckland suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu da jajayen tutoci da waƙoƙin coci, mutum kusan 30,000 suka cika filin Mount Smart a wasan da Ingila ta sha da ƙyar 20 da 18. Yawancinsu 'yan ƙwadago ne masu manyan iyalai. Abin da ya fito da su shi ne ganin ƙasarsu ƙarama tana iya kayar da manya. Tun daga lokacin wasannin Tonga da na Samowa suka shiga sahun waɗanda suka fi jan jama'a a New Zealand da Ostareliya.

Akasin haka ya faru a Amurka. A Yunin 2018 aka kai Ingila da New Zealand birnin Denver don gwada kasuwa. Mutum 19,320 suka zo filin da ke ɗaukar kusan 76,000, kuma kafin ƙarshen shekarar aka fasa shirin ba Amurka da Kanada gasar 2025.

Karanta alƙaluma

Adadin da ake sanarwa a fili yana buƙatar lura. Wani lokaci tikitin da aka raba ake ƙirgawa, har da na kyauta ga makarantu da masu tallafi, ba mutanen da suka ratsa ƙofa ba. Idan wasa biyu ne a rana ɗaya, ba duka ne ke zama su kalli biyun ba. Girman fili ma yana ruɗar ido: mutum 12,000 a ƙaramin fili biki ne, a babban filin ƙwallon ƙafa kuwa kamar kango.

Halin da ake ciki

Ribar kofin duniya na cikin manyan hanyoyin samun hukumar wasan ta duniya, da ita take tallafa wa ƙasashe masu tasowa a wasan. Daga cikinsu akwai Najeriya, wadda ta karɓi gasar Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019 tare da Ghana da Kamaru da Maroko, ta kuma lashe ta. Don haka gasar da ta faɗi ba mai masauki kaɗai take shafa ba. A Mayun 2023 Faransa, wadda aka ba gasar 2025 bayan Amurka, ta janye saboda ba ta samu tabbacin cewa ba za a yi asara ba. Aka mai da gasar 2026, aka ba Ostareliya jagorancinta, aka rage tawagogin maza daga 16 zuwa 10 don a rage wasannin da ƙarfi bai zo ɗaya ba.

A ƙarshen 2025 aka farfaɗo da Ashes bayan shekara 22 ba a yi ba. Wasan farko a Wembley ya tara sama da 60,000, ya wuce 57,034 na 1994 wanda shi ne mafi yawa a tarihin jerin a Birtaniya, amma a filin da ke ɗaukar 90,000. Tikitin sauran wasanni biyu, a sabon filin Everton da ke Liverpool da kuma Headingley a Leeds, duka a arewa, ya ƙare tun watanni kafin ranar wasa. Ostareliya ta lashe duka ukun.