Yadda Kalmar "Press" Ta Zama Sunan 'Yan Jarida

Tun daga shekarar 1993, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga watan Mayu domin tunawa da 'yancin jarida, duk shekara akan sake jayayya a kan wanda ya cancanci shiga inuwar wannan 'yanci, ko mai katin aiki kaɗai, ko har da mai rubutu a intanet. Kuma a ganina ba za a warware wannan mas'ala ba sai an bi salsalar kalmar "press", wadda Turawa ke kiran 'yan jarida da ita, alhali asalin ma'anarta dannawa ce da matsewa.

Malaman lugga sun yi ittifaƙi cewa tushenta Latin ne, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. A zamanin nan na farko takan nufi turereniyar jama'a, da na'urar katako da manoma ke matse inabi da zaitun da ita, sa'an nan aka jingina mata gugar tufafi da naci wajen neman biyan bukata.

Wajen 1450 ne, a birnin Mainz na Jamus, Johannes Gutenberg ya ɗauki fasalin wannan na'ura ta manoma ya mai da ita ta ɗab'i. Sai a jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a shafa musu tawada mai mai, a shimfiɗa takarda mai ɗan laima, ma'aikaci ya ja sanda da ƙarfinsa, allon katako ya sauko ya danne takardar har rubutu ya fito sarai. William Caxton ya kafa irinta a Westminster a 1476, kuma Ingilishi suka ci gaba da kiranta da sunan na'urar inabi.

To, a nan ne hujjata take. Sarakunan Ingila, da suka fahimci ba za su iya tsare bakin kowane marubuci ba, sai suka sa wa na'urar kanta takunkumi. A 1557 aka ba ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan ikon bincike da ƙwace haramtattun littattafai. A 1586 kotun Star Chamber ta hana kafa maɗaba'a ko'ina sai Landan, in ban da ɗaya a Oxford, ɗaya a Cambridge. Dokar 1662 kuwa ta ƙayyade manyan masu ɗab'i ga mutum 20. Wanda aka kama da na'ura a ɓoye, akan farfasa ta, a lalata haruffansa. Saboda haka, sa'ad da John Milton ya rubuta Areopagitica a 1644 yana inkarin dokar neman izini kafin bugu, abin da yake nema shi ne a sakar wa na'urar mara. Da dokar 1662 ta faɗi a 1695, jaridu suka yawaita, har aka sami ta kullum ta farko a Ingila, Daily Courant, a 1702. Sannu a hankali, bisa hanyar majazi, sunan na'ura ya koma kan abin da take bugawa, daga nan ya koma kan masu rubuta shi. Da wannan lafazi 'yancin jarida ya shiga gyaran farko na tsarin mulkin Amurka a 1791.

Akwai masu riya cewa an kira 'yan jarida haka ne don suna matsa wa mahukunta da tambayoyi, ko don cunkoson da sukan yi a ƙofar majalisa. Wannan ta'awili ne mai daɗin ji amma maras madogara, domin an daɗe ana faɗar 'yancin "press" tun kafin a san al'adar yi wa shugabanni tambayoyi gaba da gaba. Wasu kuma sukan haɗa ta da kamen da sojan ruwan Ingila ke yi wa mutane a tilasta musu aikin jirgi, alhali waccan daga "prest" take, wato kuɗin kafin alƙalami da ake ba wanda aka ɗauka, kamannin lafazi ne kawai ya gwama su.

Abin da tarihi ya tabbatar ke nan: haƙƙin da aka yi shekara fiye da ɗari ana gwagwarmaya a kansa haƙƙin amfani da abin yaɗa magana ne, kowa ya riƙe shi. Don haka duk hukumar da ta katse intanet, ko ta ƙwace wayar mai ɗaukar hoto, ta aikata abin da Star Chamber ta aikata, kuma wajibi ne masu katin aiki su zama na farkon yin tir da ita, ko da wanda aka zalunta bai taɓa taka ofishin jarida ba.