Kuɗin da ya maƙale a hanya: daga Bell Labs zuwa Kantin Kwari

Duk wanda ya yi ciniki a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a watan Fabrairun 2023 yana tuna yadda aka sha fama. An sauya fasalin naira, takardun kuɗi sun yi ɓatan dabo, kowa ya koma taransfa. Sai ka ga mai saye yana nuna wayarsa, ga shi an cire masa kuɗi, mai shago kuma yana rantsuwa bai ga alat ba. To a wannan tsakanin, ina kuɗin yake?

Amsar ta faro ne daga Amurka. A 1955 George Mealy, sai Edward Moore a 1956, dukansu ma'aikatan Bell Labs, suka tsara yadda za a bayyana na'urar da a kowane lokaci tana cikin hali guda tak, kuma ba ta sauya hali sai ta hanyar da aka shata mata. Taransfa ma haka take: an karɓi umarni, an cire kuɗi, an aika, an saka, ko kuwa an mayar.

Sai dai kwamfuta na da mantuwa. Wuta na ɗaukewa, abin da ta riƙe a ka ya tafi. A shekarun 1970 masu bincike a IBM, cikinsu har da Jim Gray, suka inganta wata dabara: a fara rubuta abin da za a yi a kundin da ba ya gogewa, sannan a aikata. Ɗan Kwari da ke rubuta bashi a littafi kafin dila ta bar shago ya san wannan tun tuni. In na'ura ta farfaɗo, sai ta duba kundi ta ga inda ta tsaya.

Amma bankuna biyu ne, kowa da kundinsa. A 1987 Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka ba da shawarar a yanka dogon aiki gida-gida, kowane mataki a tanadar masa matakin da zai warware shi. Irin wannan tunani ne ke bayan ribasal ɗin da muke jira.

A Najeriya, NIBSS ta kawo taransfar nan-take tsakanin bankuna a 2011, tsarin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Banki kuma ya iso Kano a Yulin 2013. Cunkoson 2023 ne ya tona hali mafi wuya a cikinsu duka, wato an aika amma shiru. Bankin mai aikawa bai sani ba ko saƙonsa ne ya ɓata ko amsar ce. In ya sake turawa, ana iya biya sau biyu. In ya yi gaggawar mayarwa alhali kuɗi ya shiga, asara tasa ce. Dole ya rubuta "ana jira", ya riƙa tambayar ɗaya ɓangaren da lambar shaidar cinikin, mai alƙaluma 30, wadda galibi ke jikin rasit. Da ita ake bin sawun kuɗin a banki, ba da hoton fuskar waya ba.